Ya Kyautu Ɗaliban Babura Su San Asalin Addinan Duniya

Tun daga shekara ta 2021, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta kafa Jami'ar Fasaha a Babura, garin ya shiga wani sabon yanayi wanda ya kamata hukuma da iyaye da malamai su yi masa tunani tun da wuri. Jami'ar tarayya ta ƙasa duka ce. Yaron da ya tashi a Babura ko Garki, wanda bai taɓa cin abinci kwano ɗaya da wanda ba Musulmi ba, zai iya samun kansa ɗaki ɗaya da yaro daga Inugu ko Binuwai, wanda shi ma bai taɓa zama da mai salla biyar ba. Haka abin yake a Kazaure, inda Kwalejin Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da Makarantar 'Yan Mata ta Gwamnatin Tarayya suke tara 'ya'yan jama'a daga jihohi dabam dabam. Ga kuma masu yi wa ƙasa hidima, waɗanda tun daga 1973 ake turo su makarantu da asibitoci da ofisoshin ƙananan hukumomi.

Abin tambaya shi ne, me waɗannan matasa suka sani game da abin da abokan zamansu suka yi imani da shi? Galibi abin da suka sani bai wuce abin da suka tsinta a majalisar hira ko a wayar hannu ba, kuma yawancinsa daga bakin waɗanda ba sa ƙaunar addinin da ake magana a kansa ya fito. Makarantun ƙasar nan suna koya wa yaro Musulmi addininsa, suna koya wa yaro Kirista nasa, kowa a ajinsa, kuma hakan daidai ne. Amma babu inda ake gaya wa ɗayansu gaskiyar abin da ɗayan yake riƙe da shi. Wannan giɓi ne babba ga wanda gobe zai zama alƙali, ko jami'in 'yan sanda, ko likita, ko sakataren ƙaramar hukuma, ya riƙa yanke hukunci kan mutanen da bai san ƙofar ransu ba.

SUNAN DA YA ZO DAGA FARISA

Mutumin wannan yanki ba ya bukatar ya yi nisa kafin ya gane cewa magabatansa sun san addinan duniya. A ƙasar Roni da Gwiwa da wasu sassan Kano da Katsina akwai Hausawan da aka daɗe ana kira Maguzawa. Masana da dama suna ganin cewa sunan ya samo asali ne daga kalmar Larabci ta Majusu, wato mabiya Zaradusht, wanda ya yi wa'azinsa a ƙasashen Farisa ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). Majusawa suna bauta wa wanda suke kira Ahura Mazda, suna ganin duniya fagen fama ne tsakanin alheri da sharri, suna girmama wuta a ɗakunan ibadarsu a matsayin alamar tsarki, littafinsu kuwa Abesta ne. Har yau akwai ragowarsu a Iran da Indiya.

To, ina Bamaguje ina wutar Farisa? Dalilin na shari'a ne. Ya tabbata a littattafan hadisi cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya karɓi jiziya daga Majusawan Hajar, kuma Sayyidina Umar ya bi wannan sunna bayan Abdurrahman ɗan Aufu ya ba da shaida a kanta. Malaman ƙasar Hausa da suka ga suna zaune da jama'ar da ba Musulmi ba, kuma ba ma'abota littafi ba, sai suka sa su a wannan babi, domin su biya haraji su zauna a gonakinsu cikin amana. Idan wannan bayani ya inganta, ashe malami ne da ya san tarihin addinin wata ƙasa mai nisa ya samo wa maƙwabcinsa hanyar zaman lafiya. Ilimi ne ya yi wannan aiki.

Kuma malaman ba su ƙago wannan hanya daga sama ba. Abu Raihan Albiruni, wanda aka haifa cikin 973, ya koyi harshen Sanskrit domin ya karanta littattafan Hindu da idonsa, ya kuma rubuta littafinsa kan Indiya wajen 1030. Ibn Hazmi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu cikin 1064, ya rubuta babban littafi kan addinai da ƙungiyoyi. Shahrastani, wanda ya rasu cikin 1153, ya rubuta Almilal wan Nihal, inda ya jera aƙidun Yahudu da Nasara da Majusu da mutanen Indiya da masu falsafa. Babu ɗayansu da ya bar addininsa saboda wannan bincike. Saboda haka duk wanda ya ce nazarin addinai al'adar Turawa ce, bai duba gadon gidansu ba.

ZURIYAR ANNABI IBRAHIM

Addinai uku ne suke danganta kansu da Annabi Ibrahim (A.S.), kuma mabiyansu sun haura rabin mutanen duniya. Na farkonsu a jerin tarihin da masana ke bi shi ne addinin Yahudu. Yahudawa sun yi imani da Ubangiji ɗaya wanda ba a siffanta shi da gunki, wanda suke cewa ya ƙulla alkawari da Bani Isra'ila ya ba su doka ta hannun Annabi Musa (A.S.). Attaura ita ce ginshiƙinsu, sai Talmud wanda ya tara bayanan malamansu. Suna hutun Asabar, suna yi wa 'ya'yansu maza kaciya a kwana na 8, ba sa cin alade. Babiloniyawa sun rushe ɗakin ibadarsu na Ƙudus wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Annabi Isa, Rumawa kuma suka rushe na biyu cikin shekara ta 70 Miladiyya, abin da ya mai da addinin ya dogara kan karatu da majami'u maimakon hadaya. Kimanin miliyan 15 ne a duniya duka. Ya kamata ɗalibi ya rarrabe tsakanin wannan addini mai dubban shekaru da ƙasar Isra'ila wadda aka kafa cikin 1948, domin akwai Yahudawan da suke suka ga ayyukan gwamnatinta.

Addinin Kirista ya ɓullo ne a Falasɗinu a ƙarƙashin mulkin Rumawa, daga cikin Yahudawa. Kiristoci sun yi imani cewa Yesu Almasihu Ɗan Allah ne, an gicciye shi a zamanin gwamna Bilatus wajen shekara ta 30 domin fansar mutane daga zunubi, ya kuma tashi daga matattu a rana ta uku. Suna cewa Allah ɗaya ne cikin Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, kuma babban taron limamansu da aka yi a Nikiya cikin 325 shi ne ya tsara lafazin aƙidarsu game da matsayin Almasihu. Littafinsu ya ƙunshi Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari, wanda a cikinsa ne Linjila huɗu suke. Cocin gabas da na yamma sun rabu cikin 1054, sannan Martin Luther ya tayar da gyaransa a Jamus cikin 1517, inda 'yan Furotesta suka fita daga ƙarƙashin Paparoma.

Akwai abin da yawancin matasa ba su sani ba, wato addinin Kirista ya kafu a Afirka kafin ya kafu a Ingila. Yana Masar tun ƙarnonin farko, Sarki Ezana na Aksum kuwa ya karɓe shi cikin ƙarni na 4. A hannun magadan wannan sarauta ne Musulmin farko suka sami mafaka wajen 615, lokacin da suka yi hijira zuwa Habasha suka zauna a inuwar Najjashi. A ƙasar Hausa kuwa sai a zamanin Turawa addinin ya samu gindin zama. Likita Walter Miller ya zauna a Zariya daga 1905, daga baya aka koma Wusasa, kuma an buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa cikin 1932. Mishan na S.I.M. sun buɗe makaranta a Roni, cocin ECWA da ya fito daga aikinsu kuma ya tsaya da ƙafarsa cikin 1954. Wannan ne ya sa ake samun Bahaushe Kirista haifaffen wannan yanki, wanda kakanninsa suke kwance a ƙasar, ba baƙo ba ne balle a ce ya koma garinsu.

Shi kuma ɗalibin da ya zo daga kudu yana da abin da ya wajaba ya sani. An haifi Annabi Muhammadu (S.A.W.) a Makka wajen 570, wahayi ya fara zuwa masa cikin 610, ya yi hijira zuwa Madina cikin 622, ya yi wafati cikin 632. Tushen Musulunci tauhidi ne, wato Allah ɗaya ne, bai haifa ba, ba a haife shi ba, ba shi da abokin tarayya. Shika-shikansa biyar ne, kalmar shahada da salla da zakka da azumi da hajji. Musulmi ya yi imani da mala'iku da littattafai da manzanni da ranar lahira da ƙaddara. Kuma a wurinsa Musulunci shi ne addinin dukan annabawa tun daga Annabi Adamu, don haka imaninsa ba ya cika sai ya gaskata Musa da Isa, ya girmama Nana Maryamu wadda Alƙur'ani ya sa wa sura guda sunanta. Sai dai ya yi imani cewa Isa bawan Allah ne kuma manzonsa, ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba. Musulunci ya shiga fadar Kanem a ƙarshen ƙarni na 11, tarihin Kano kuma ya ce Wangarawa sun kawo shi a zamanin Sarki Yaji cikin ƙarni na 14. Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo na 1804 ne ya haifar da masarautu irin ta Kazaure, wadda Ɗan Tunku ya kafa wajen 1819.

ADDINAN GABAS

Wani zai ce ina ruwan mutumin Babura da addinin Indiya ko na Sin? Amma tun shekarun da aka fara nuna finafinan Indiya a gidajen sinima na Kano, Bahaushe yake kallon mutane suna ɗaga fitila gaban gumaka, suna ƙona gawa a bakin kogi, ba tare da ya san ma'anar abin da yake gani ba. Waɗanda suka yi sakandare a Arewa cikin shekarun 1970 da 1980 da yawansu malaman Indiya ne suka koya musu lissafi da kimiyya. Marasa lafiya suna zuwa asibitocin Indiya, ɗalibai suna zuwa jami'o'inta, 'yan kasuwar Kantin Kwari kuma suna saro kaya daga Sin.

Addinin Hindu ba shi da mutum ɗaya da za a ce shi ya kafa shi. Tsofaffin littattafansa, waɗanda ake kira Beda, an fara tsara su ne wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa. Masu ilimi daga cikinsu suna cewa akwai haƙiƙa ɗaya da suke kira Brahman, alloli masu yawa irin su Bishnu da Shiba kuwa fuskokinta ne, ko da yake mabiya sun sha bamban a wannan fahimta. Sun yi imani cewa rai yana mutuwa ya sake dawowa cikin wani jiki, kuma aikin mutum, wanda suke kira karma, shi ne yake yanke masa irin rayuwar da zai dawo cikinta. Burinsu shi ne rai ya kuɓuta daga wannan kewayawa. Suna girmama saniya, shi ya sa babu cin fuska ga baƙo Bahinde kamar a ajiye masa naman sa a gabansa.

Daga cikin wannan ƙasa ne Siddata Gautama ya fito, ɗan sarauta da aka haifa a Lumbini, cikin Nepal ta yau, kimanin ƙarni 5 kafin haihuwar Annabi Isa. Ya bar gidan sarauta ya shiga neman dalilin wahalar ɗan Adam, mabiyansa suka kira shi Buda, wato wanda ya farka. Koyarwarsa ta tsaya kan abu 4, cewa rayuwa cike take da wahala, kwaɗayi ne tushen wahalar, ana iya kawar da ita, kuma hanyar kawar da ita tana da rassa 8 da suka shafi gyaran tunani da magana da aiki. Wannan addini bai kafu kan imani da Mahalicci ba, abin da yakan ba Musulmi da Kirista mamaki. Sarki Ashoka ya yaɗa shi cikin ƙarni na 3 kafin Miladiyya, ya kai Sirilanka, daga baya ya shiga Sin da Japan da Tailan. A yankin Punjab kuma an haifi Guru Nanak cikin 1469, wanda ya kafa addinin Sikh masu kaɗaita Ubangiji. Mazajensu suna naɗa rawani suna barin gemu, har jahili yakan ɗauke su Musulmi.

A ƙasar Sin, Konfishiyas, wanda ya rayu daga 551 zuwa 479 kafin Miladiyya, ya koyar da biyayya ga iyaye da girmama magabata da adalcin mai mulki, kuma a kan koyarwarsa ne aka gina jarrabawar ɗaukar ma'aikatan gwamnati ta ƙasar tsawon ƙarnoni. Kusa da ita akwai tafarkin Dawo, wanda yake kira ga sauƙin rayuwa da bin tsarin halitta.

Sai kuma na gida. Kafin Musulunci, Hausawa suna da tsafinsu da iskokinsu, kuma tarihin Kano ya ambaci Barbushe da Tsumburbura a Dutsen Dala. Wani masani Ba'amurke, Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930 ya buga littafinsa cikin 1946, ya tarar sun yarda Allah ne Mahalicci, amma yankansu da roƙonsu ga iskoki suke yi, domin su suke ganin suna kusa da gona da lafiya da haihuwa. Tun daga lokacin da yawa daga cikinsu sun musulunta, wasu sun shiga Kirista.

ABIN DA WANNAN JERI YA NUNA

Na farko, addinai ba ɗaya ba ne, kuma masu cewa duk tafiyar ɗaya ce ba su kyauta wa kowa ba. Musulmi ya ce ba a gicciye Isa ba, Kirista ya ce kan gicciyen nan cetonsa ya rataya. Bahinde ya ce rai yana dawowa, Musulmi da Kirista suka ce mutuwa ɗaya ce sai hisabi. Waɗannan maganganu ba sa haɗuwa, kuma zaman lafiyar da aka gina kan ɓoye su ba zai jure rana ɗaya ta fitina ba. Abin da ake nema shi ne kowa ya san daidai inda saɓanin yake, domin kada ya ƙara masa ƙarya. Kirista da ya ce Musulmi suna bauta wa wata ko dutse ya faɗi ƙarya. Musulmin da ya ce Kirista ya yarda da bakinsa cewa alloli uku yake bautawa, shi ma ya faɗi abin da Kiristan bai ce ba, ko da yake yana da cikakken haƙƙin ƙin aƙidar tasa.

Na biyu, manyan addinan nan sun fi ƙarfin ƙabila. Cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta fitar da ƙiyasi cikin 2025 game da shekara ta 2020, inda ta ce Kiristoci sun kai biliyan 2 da miliyan 300, Musulmi biliyan 2, 'yan Hindu biliyan 1 da miliyan 200, mabiya Buda sama da miliyan 300, waɗanda ba su danganta kansu da wani addini ba kuwa biliyan 1 da miliyan 900. Ƙiyasin ya nuna Kiristocin Afirka kudu da Sahara sun fi na Turai yawa. Mafi yawan Musulmin duniya kuwa a nahiyar Asiya suke, a ƙasashe irin su Indonesiya da Pakistan da Indiya da Bangaladash, Larabawa 'yan tsiraru ne a cikinsu. Wanda ya san wannan ba zai ƙara cewa Musulunci na Hausa-Fulani ne ko Kiristanci na Turawa da Inyamurai ne ba, kuma irin wannan magana ce ɗan siyasa yake hawa a kai idan zaɓe ya ƙarato.

Na uku, duk da saɓanin aƙida, babu ɗaya daga cikinsu da ya halatta sata ko shaidar zur ko cin amanar maƙwabci ko wulaƙanta iyaye. Wannan kaɗai ya isa a gina ofis ɗaya da kasuwa ɗaya da ɗakin kwanan ɗalibai ɗaya a kansa.

MASU JA DA WANNAN SHAWARA

Iyaye da malamai za su ji tsoron kada a raunana imanin yara, kuma tsoron nasu abin girmamawa ne. An ga yadda jama'a suka tayar da jijiyar wuya sa'ad da aka cusa darasin addinin Musulunci da na Kirista ƙarƙashin inuwa ɗaya a manhajar ilimin farko, har gwamnati ta ba da umarnin a raba su cikin 2017. Sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1999 ya kuma hana a tilasta wa ɗalibi karɓar koyarwar addinin da ba nasa ba. Saboda haka babu mai cewa a taɓa yaron firamare, ko a rage masa sa'a ɗaya daga karatun addininsa. Maganar ta shafi baligi ne ɗan jami'a ko kwaleji, wanda ya riga ya san tsarkinsa da sallarsa, ko addu'arsa da baftismarsa, kuma abin da za a ba shi labari ne na tarihi da bayanin aƙida, babu ibada a ciki, babu kira zuwa ga komai. Gaskiyar magana ma ita ce, wannan matashi yana cin karo da waɗannan addinai kullum a wayarsa, daga bakin masu zagi da masu yaudara. Ko dai ya ji su daga malami mai amana a cikin aji, ko ya ji su daga wanda ba a san ko wane ne ba a intanet.

Wasu kuma za su ce rikicin addini a Nijeriya rikicin ƙasa ne da sarauta da talauci da siyasa, ba na jahilci ba. Akwai gaskiya mai yawa a wannan, kuma abin da ya faru a Zangon Kataf cikin 1992 da Jos cikin 2001 ya nuna haka. Amma ya kamata a duba inda wutar takan tashi. Rikicin watan Maris na 1987 a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya soma, kan maganar da wani mai wa'azi ya yi a taron ɗalibai, kafin ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa, aka ƙona wuraren ibada aka rasa rayuka. Cikin watan Mayu na 2022 an kashe wata ɗaliba a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato bisa zargin ɓatanci. A tsallaken iyaka ma, cikin Janairu na 2015, an ƙona coci-coci a Damagaram saboda zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa, alhali Kiristan Damagaram ba shi da hannu a ciki. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan akwai wanda bai san nauyin abin da yake taɓawa ba, ko wanda bai san bambanci tsakanin maƙwabcinsa da mai laifin da ke nesa ba, ko wanda bai san cewa hukunci aikin kotu ne ba. Darasi ba zai cire talauci ba, amma zai rage busasshiyar ciyawar da ashana take kamawa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Hanyar a buɗe take, kuma ba ta bukatar sabon gini ko kuɗi masu yawa. Kowace jami'a a ƙasar nan tana da darussan gama-gari da kowane ɗalibi yake ɗauka, har da na al'adun mutanen Nijeriya da na sasanta rikici. Hukumar Jami'ar Babura da ta Kwalejin Kazaure suna iya ware makonni kaɗan a cikinsu domin tarihin addinai da tushen aƙidunsu. Sharaɗin farko shi ne a bayyana kowane addini yadda mabiyansa za su ji su ce lalle haka muka ce. Na biyu, malaman Musulunci da na Kirista su duba abin da aka rubuta game da addininsu kafin a koyar. Na uku, kada a mai da aji dandalin muƙabala, domin muƙabala tana da wurinta da ma'abotanta.

Gwamnatin Jihar Jigawa kuma tana iya sa irin wannan bayani a kwasa-kwasan horar da ma'aikata, musamman malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da na kotuna. Ma'aikaciyar jinya da ta san abin da iyalin mamaci suke bukata ga gawarsu, da shugaban makaranta da ya san ranakun idin kowane ɓangare kafin ya sa jarrabawa, sun kashe fitina tun ba ta haihu ba. Masarautun Ringim da Kazaure, waɗanda hakimansu da dagatansu suka fi kowa sanin wanda ke zaune a kowace unguwa, su ne za su ba abin albarka a idon talakawa. Akwai kuma na koyi a kusa. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda suka taɓa zama abokan gaba a Kaduna, sun kafa cibiyar sasantawa cikin 1995. Liman Abubakar Abdullahi na ƙasar Barikin Ladi ya ɓoye ɗaruruwan Kiristoci a masallacinsa da gidansa cikin watan Yuni na 2018, ya tsaya a ƙofa ya hana a taɓa su. Ba wanda ya ce imanin waɗannan mutane ya ragu.

Wannan yanki ya daɗe cikin rufin asiri, kuma tun kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa ran 27 ga Agusta, 1991, Musulmi da Bamaguje da Kirista suke cin kasuwa ɗaya a nan. Amma zaman da aka gada daga iyaye ya ginu ne kan sanin juna na ƙauye, inda kowa ya san uban kowa. Dubban matasan da za su riƙa shigowa Babura kowace shekara ba su da wannan sanayya, sai wadda makaranta ta ba su. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma gara a kunna fitilar tun jami'ar tana ƙarama, tun kafin a wayi gari ana kafa kwamitin binciken abin da darasin makonni kaɗan zai iya hanawa. Allah ya ba shugabanni ikon dubawa, ya zaunar da ƙasar nan lafiya.